Gorar da ke shanye oksijin: masu sake narka roba za su karɓe ta kuwa?

Injiniya_Sharada
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da nake so mu baje ta a faifai. Masu sayar da sinadaran roba suna tallata wani haɗi da ake zubawa cikin PET, robar da ake yin gorar ruwa da lemo da ita, tun lokacin da ake yin ɗanyar gora, wato 'yar bututun nan mai bakin murfi da ake ɗumamawa a hura ta zama gora. Sun ce jikin gorar da kansa zai riƙa cinye iskar oksijin kafin ta kai ga abin sha, lemon 'ya'yan itace ya yi watanni bai sauya launi ba, kuma gorar tana nan da lambarta ta 1, wato alamar PET, za a iya sake narka ta kamar kowace. Kashin farko na maganar ba ni da ja a kansa. Na biyun ne ya tsaya mini a rai. Abin da aka ƙera shi musamman don ya haɗu da oksijin ya lalace, ta yaya zai shiga injin mai narka roba a digiri 280 bai ɓata masa kaya ba? A ganina ribar ta mai lemo ce, asarar kuma ta mai sake sarrafawa ce. Wanda ya san abin ya gyara mini.

Malam_Polima
Wa alaikumus salam Injiniya. Kafin a yanke hukunci sai a rarrabe, domin ba abu ɗaya ba ne.

PET dai ba ta toshe iska gaba ɗaya. Oksijin na narkewa a fuskar bangon gorar ta waje, ta ratsa tsakanin sarƙoƙin robar a hankali, ta ɓulla ta ciki. Maganinta hanya biyu ne: ko ka yi mata katanga ta rage gudu, ko ka ajiye mata abin da zai kama ta a hanya. Na biyun ne muke magana a kai, kuma abu biyu ake haɗawa: robar da ke saurin haɗuwa da oksijin, da ɗan gishirin wani ƙarfe mai suna kobalt wanda shi ne ke zuga haɗuwar. In babu kobalt ɗin, abin zai yi ta tafiyar hawainiya har ya zama ba shi da amfani.

Tsohon tsari shi ne na nailan MXD6, wanda kamfanin Mitsubishi Gas Chemical na Japan ke yi. Shi ne tushen haɗin da ake kira Oxbar da ya fito tun ƙarshen shekarun 1980. Ana zuba kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na nailan ɗin, kobalt kuma wajen ppm 50 zuwa 200, wato kashi 50 zuwa 200 cikin miliyan. Sai tsari na biyu, wanda aka ɗaura guntayen wata roba, polibutadiyin, a jikin sarƙar poliyesta, wato dangin PET, shi ne Amosorb da kamfanin Amoco ya fara, yanzu yana hannun Avient. Akwai kuma masu amfani da wata robar, poliyita, waɗanda babu nailan a cikinsu sam. Wajen sake narkawa halinsu ya sha bamban. Nailan ne ya fi ɓata suna, domin ƙarshen sarƙarsa na haɗuwa da sinadarin asetaldihaid da PET ke fitarwa in ta ji wuta, sai kayan su yi rawaya.

Dan_Kwari77
Malam, wannan ba ita ce ledar nan da aka ce tana ruɓewa da kanta a rana ba? Na ji an ce ita ma gishirin ƙarfe ake sa mata.

Malam_Polima
A'a, gara da ka tambaya, domin ana yawan cakuɗa su. Waccan ana sa mata gishirin ƙarfe ne don ledar kanta ta farfashe ta zama ɓurɓushi, kuma Tarayyar Turai ta haramta ta a dokarta mai lamba 2019/904, saboda ɓurɓushin ba ya ɓacewa, yana nan a ƙasa da ruwa. A tamu gorar, ɗan ƙaramin kason da aka zuba ne kaɗai ke haɗuwa da oksijin. PET ɗin da ke riƙe da shi tana nan da ƙarfinta.

Hajiya_Gwaji
Ni ina so in ja hankalinmu baya kaɗan, domin sau da yawa ana sayen wannan haɗi mai tsada alhali ɓarakar tana wajen cikawa. Mu yi lissafi da gorar rabin lita.

In aka bar sararin mililita 20 tsakanin lemo da murfi, kuma iskar gari ce a ciki, kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ce, wato mililita 4.2. A zafin ɗaki kowace mililita tana da nauyin wajen miligiram 1.3, ka ga an rufe miligiram 5.5 ke nan tare da lemon. Shi kansa ruwan, in ba a cire masa iska ba, yana ɗauke da wajen miligiram 8 a kowace lita, rabin lita miligiram 4. Jimilla miligiram 9 da rabi tun ranar farko, gora ba ta ko bar masana'anta ba.

Yanzu mu ɗauka bangon gorar da babu komai a cikinta yana shigar da mililita 0.04 a rana, wanda ba baƙon adadi ba ne ga gora mai wannan girma. A kwana 180 abin da zai shiga bai wuce miligiram 9 da ɗoriya ba. Wato abin da ka rufe da hannunka ya yi daidai da abin da zai ratso bango a wata shida. Kuma bisa lissafin sinadarai, miligiram ɗaya na oksijin na iya cinye har miligiram 11 na bitamin C. Ruwan lemon zaƙi rabin lita yana da wajen miligiram 250, to fiye da 100 daga ciki na iya tafiya saboda cikawa kaɗai.

Haɗin da ke cikin bango ba zai ceci wannan ba. Yakan ja kaɗan daga ta ciki, amma lemon ya fi shi saurin kama ta. Don haka tsari shi ne: a bi da lemon ta tankin cire iska, a cika daga ƙasa ba tare da kumfa ba, a ɗiga ruwan naitirojin ko a busa naitirojin a bakin gora daf da rufewa, a rage sararin sama. In an yi wannan, sau da yawa adadin haɗin da ake bukata zai ragu, kuma raguwar nan ita ce ke taɓa tambayar Injiniya kai tsaye.

Mai_Injin_Huri
Hajiya ta faɗi gaskiya. Bari in ƙara da ɓangaren inji, don a nan ma ana kashe haɗin tun bai fara aiki ba.

PET sai an busar da ita a digiri 160 zuwa 180 na tsawon awa 4 zuwa 6, da busasshiyar iska, har danshinta ya sauka ƙasa da ppm 50, in ba haka ba ruwan zai datse sarƙoƙinta a cikin inji gora ta fito ba ƙwari. Kuskuren da ake yi shi ne a juye ƙwayoyin haɗin cikin wannan tukunyar busarwa tare da PET. Iska mai zafi awa biyar, ai ka ba shi abincinsa ke nan tun a tukunya. Yadda ake yi, yana zuwa a buhun da aka liƙe mai falle na alminiyam, a buɗe shi lokacin aiki, a zuba ta ƙaramin ma'auni mai awo da nauyi a daidai maƙogwaron inji. Buhun da aka buɗe aka rage, a matse iskarsa a sake liƙe shi. Ma'auni mai awo da juyin dunƙule kawai yakan yi sama da ƙasa, wata gora ta sami kashi 1 wata ta sami 3, kuma ido ba zai nuna maka ba.

Zafin narkawa kada ya wuce abin da ya wajaba, tsakanin 270 da 285 ya isa, kuma kada a bar narkakkiyar roba ta daɗe a cikin bututu. In inji ya tsaya minti goma, a zubar da zubin farko.

Sai babban abin da ake mantawa: agogon haɗin yana fara bugawa sosai ne daga lokacin da aka hura gora. Ɗanyar gora bangonta milimita 3 zuwa 4 ne, iska ba ta ratsa shi da sauri, tana iya yin watanni a kwali in an ɗaure ledarta. Hurarriyar gora kuwa bangonta wajen milimita 0.3 ne, kuma muddin babu komai a cikinta iska na cin ta ciki da waje. Wanda ya sayi hurarrun gorori ya jibge su a sito cikin zafin Afrilu ya cika bayan wata biyu, rabin kuɗinsa ya ba wa iskar sito. Wannan tsari ya fi dacewa da mai hurawa yana cikawa a layi ɗaya.

Baban_Dila
To ga ta bakin masu karɓar gorar bayan an sha. Injiniya bai yi kuskure ba.

Ga yadda aikin yake. A kwance dila, a tsince masu launi da na PVC, wata roba daban, a ɓarza, a wanke da ruwan soda kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a zafin digiri 80 zuwa 85 don gam da takarda su saki, sannan a zuba a tankin ruwa. Murfi da zobensa, da yake robar PE ce ko PP, ba su kai ruwa nauyi ba, sai su taso a kwashe. PET ta fi ruwa nauyi, in ruwa 1 ne ita wajen 1.35 zuwa 1.4 ce, sai ta nutse. Matsalar ita ce nailan MXD6 nauyinsa wajen 1.2 ne, shi ma nutsewa yake yi. In kuwa an gauraya shi cikin PET tun a narke, babu wata hanyar raba su ko da me za a yi. Mai tsincewa da hannu ba zai gane gorar ba, na'urar hasken da ke tantance roba ma da ƙyar take ganin kashi 2 cikin ɗari.

Ɓarzar tana fitowa fara tas, ka ce lafiya lau. Sai an kai ta wuta asirin ke tonuwa. Mai saye zai ɗebi ɗan kaɗan ya sa a tanda mai zafin digiri 200 da ɗoriya, bayan ɗan lokaci ya fito da tire, sai ka ga tsilli-tsillin ɓarza sun yi ruwan ɗorawa wasu har sun yi ruwan ƙasa a tsakiyar farare. Da wannan tiren ake yanke farashi. Mai son mayar da ita gora kuma sai ya sake gasa ƙwayoyin awanni a digiri 200 zuwa 220 ba tare da iska ba don sarƙar ta ƙara tsawo, kuma nan ne rawayar ke ƙara fitowa. Akan ɗiga shuɗin launi don a rufe ta, amma sai robar ta yi duhu-duhu kamar toka.

Injiniya_Sharada
Ka ga abin da nake gudu ke nan, Baban Dila. Malam Polima, me za ka ce?

Malam_Polima
Ban musa ba, amma maganar adadi ce. Ƙungiyar EPBP a Turai da APR a Amurka, masu tantance ko za a iya sake narka gora, suna da tsarin gwaji: a ɗauki ɓarzar sabuwar gorar, a cakuɗa ta da ɓarzar PET zalla a kaso daban-daban, a bi da ita duk matakan da Baban Dila ya lissafa, sannan a auna yawan rawaya da hazo da tsawon sarƙa. Abin da ke fitowa yawanci amincewa ce mai sharaɗi: wannan haɗi, a wannan adadi, muddin bai wuce kaso kaza na gororin kasuwa ba. Don haka in mai talla ya ce maka ana sake narka ta, ka ce ya kawo takardar gwajin, ka duba adadin da aka gwada da kuma ko a fararen gorori aka yarda da shi ko a masu launi kaɗai. Gaurayen nailan a farar gora shi ne wanda ƙungiyoyin nan suka fi ƙyama. Waɗanda ba su da nailan sun fi sauƙi, ko da yake su ma suna ƙara rawaya in an cika hannu.

Dalilin da ya sa Turawa suka tsananta shi ne dokar nan da na ambata ta wajabta kashi 25 cikin ɗari na robar da aka sake sarrafawa a gororin abin sha na PET daga 2025, da kashi 30 a dukkan gororin abin sha na roba daga 2030. Gora ɗaya za ta yi ta zagayowa, abin da ke cikinta yana taruwa.

Baban_Dila
Sai dai a lura, sharaɗin nan na kaso kaza na kasuwa lissafin inda ake cakuɗa gororin gari guda ne. A nan 'yan bola jari sukan kwaso daga wuri ɗaya, gidan biki ko bayan masana'anta, sai ka sami dila guda kusan duk gorar lemo iri ɗaya ce. Babu abin da zai tsarma ta. Abin da ke rufa asiri kawai shi ne yawancin ɓarzarmu zare ake yi da ita, na cusa filo da katifa ko igiyar ɗaure kaya, kuma can rawaya ba ta cika damun kowa ba. Amma farar ɓarza mai tsabta ita ce mai kuɗi.

Mai_Injin_Huri
Akwai tsaka-tsaki: falle uku. PET a waje, PET a ciki, nailan mai kobalt a tsakiya, ana zuba su tare da inji mai baki biyu. Da yake nailan da PET ba sa manne wa juna sosai, in an ɓarza sai siririn fallen ya ɓanɓaro, iskar da ake busawa don cire takarda ta tafi da kaso mai yawa nasa. Ba duka ba, amma ya fi gauraye nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka gorar ta fi haske, domin gauraye na sa hazo: ɗigon nailan na miƙewa ya baje lokacin huri ya riƙa karkatar da haske. Illarsa, injin da mol ɗinsa, wato mazubin da ke ba roba siffa, suna da tsada, kuma in gora ta faɗi ko ta sha matsi a mota fallen na iya rabuwa ka ga wani farin tabo kamar ƙumba a kafaɗarta. Dole kuma a riƙa yanka ɗanyar gora ana dubawa ko fallen tsakiya ya kai inda ya kamata, don yakan tsaya bai sauka gindi ba.

Ummu_Zobo
Don Allah masana, masu zoɓo da kunun aya fa? In aka sami irin wannan gora za ta hana su lalacewa?

Hajiya_Gwaji
'Yar uwa, a'a, kuma ina so a ji wannan da kyau. Abin da ke kumbura gorar zoɓo ya sa kunun aya tsami ƙwayoyin halitta ne, yis da bakteriya, kuma yawancinsu ba su damu da rashin oksijin ba. Yis ma in babu iska sai ya koma yin tsami da gas. Maganinsu tafasawa, tsabtar gora, cikawa da zafi ko sanyaya.

Zoɓo yana da tsami sosai, ma'aunin tsaminsa, wato pH, na wajen 3 (ƙaramin adadi na nufin tsami da yawa), don haka in an dafa shi an cika da kyau, rage oksijin zai taimaka wa jan launinsa ya daɗe. Kunun aya kuwa ba shi da tsami, yana sama da 4.6 nesa, kuma wannan ita ce iyakar da ƙwayar botulinam ke iya tsira ta saki guba in babu iska kuma babu sanyi. Tafasa ta gida ba ta kashe irinta. Duk abin sha ko abinci mai danshi marar tsami, cire masa oksijin a ajiye shi a zafin ɗaki haɗari ne na rai. Kunun aya firji ne gatansa, a sha shi cikin kwana kaɗan.

Dan_Maradi
Tunda an taɓo abinci, kada a manta da tsohuwar hanya, 'yar jakar garin ƙarfe. Mitsubishi Gas Chemical ne suka fito da ita da sunan Ageless a 1977. Garin ƙarfe ne da gishiri da ɗan danshi, yana tsatsa yana shanye oksijin. Giram ɗaya na ƙarfe na iya ɗauke wajen mililita 300 na oksijin. Ga kilishi, soyayyar gyaɗa, garin madara, duk abin da mai ke sa shi ɗoyi, tana aiki sosai. Lissafinta: ƙiyasta iskar da ta rage a leda, in mililita 500 ce to oksijin 105 ce, sai ka ɗauki jaka mai lamba 200, wato mai shanye mililita 200, don a sami rara. Ka ɗebi iya wadda za ka yi aiki da ita nan take ka liƙe sauran. In ka taɓa ta ka ji ɗumi, ta fara aiki ke nan. Kuma ba ita ce jakar silika da ake samu a kwalin takalmi ba, waccan danshi take sha.

A farar ledar PE ta kasuwa ɓarnar kuɗi ce, don iska na ratsa ta da sauri, cikin kwanaki jakar ta ƙoshi.

Manoma ma sun san wannan hikima ta wata fuskar. Buhun PICS da Jami'ar Purdue ta ɓullo da shi don ajiyar wake, leda biyu ne masu kaurin maikiron 80 a cikin buhun saƙa. Babu wani sinadari a ciki. Ƙwarin waken ne da kansu ke shanye iskar, in ta yi ƙasa su daina ci da haihuwa.

Malam_Polima
Madalla da misalin, Dan Maradi. Kuma jakar ƙarfe tana da wata fa'ida a kan batunmu: ana cire ta a yar, ba ta shiga cikin robar. Matsalar tana ga ledar da ke tare iskar. Mai falle na PET da alminiyam da PE da wuya a iya sake narka ta. Abin da ake komawa yanzu shi ne leda ta PE kusan zalla da siririn falle na EVOH, wata roba mai tare iska, a tsakiya, kuma ƙa'idojin Turai na son kada EVOH ɗin ya wuce kashi 5 cikin ɗari na nauyin ledar. Sai dai EVOH na rasa ƙarfin tare iska in ya sha danshi, shi ya sa ake binne shi tsakanin PE. Masu na'urar gano ƙarfe a layi kuma su tuna jakar za ta riƙa tayar da ita, sai a sa na'urar kafin wurin jefa jaka.

Injiniya_Sharada
Mun ɗan yi nisa. Mu dawo kan gora. In gauraye na ɓata ɓarza, falle uku kuma rage ɓarna kawai yake yi, akwai hanyar da za ta kare lemo ta bar PET yadda take?

Mai_Injin_Huri
Akwai biyu. Ta farko shafe ne a cikin gora bayan an hura ta. A tsarin Plasmax na kamfanin KHS, ana sa gorar a ɗakin da aka zuƙe wa iska, a shigar da gas mai silikon, a kunna shi da wutar lantarki ya zama abin da ake kira filasma, sai wani siririn gilashi ya kwanta a bangon ciki, kaurinsa bai kai nanomita 100 ba, wato gashin kai ya ninka shi sau ɗaruruwa. Tsarin Actis na Sidel kuma kabon yake shafawa daga gas ɗin asetilin, yana barin ɗan launin ruwan shayi. Daɗin gilashin shi ne ruwan sodan nan mai zafi da Baban Dila ya ambata yana narkar da shi, ɓarza ta fito PET zalla. Yana kuma tare gas ɗin lemo kada ya fita, abin da mai cinye oksijin ba ya yi. Shi ya sa masu giya da masu maltina a gorar roba ba sa dogara da mai cinyewa shi kaɗai. Rauninsa: in gora ta kumbura da yawa saboda gas da zafi shafen na tsattsagewa, abin sha mai kanwa-kanwa na cin sa, ba ya cire oksijin da aka riga aka rufe a ciki, kuma injin yana son wuta tsayayyiya da gorar da babu ƙura a cikinta.

Ta biyu ita ce a mayar da aikin cikin murfi. A tsarin HyGuard na ColorMatrix an sa sinadarin da ke sakin haidurojin a murfin. Danshin abin sha ne ke tayar da shi bayan an rufe, haidurojin ta bazu har cikin bango, inda aka sa ɗan mitsitsin wani ƙarfe mai suna faladiyam, ppm kaɗan, sai ta haɗu da oksijin su zama ruwa. Gora ba ta rasa ƙarfin aikinta a sito, murfi kuma yana tasowa a tankin ruwa. Amma murafen dole a ajiye su a bushe, damina na iya cinye su a kwali.

Dan_Kwari77
Kobalt ɗin nan fa, ba ya shiga cikin lemon?

Hajiya_Gwaji
Tambaya ce mai kyau. Dokar Turai ta robar abinci mai lamba 10/2011 ta sa iyakar kobalt da zai iya fita zuwa abinci a miligiram 0.05 a kowane kilo, kuma akwai wata dokar daban, 450/2009, ta kayan ƙunshi masu aiki irin waɗannan. A nemi sakamakon gwajin daga mai sayarwa, wanda aka yi da ruwa mai tsami, kafin a kai kaya rajistar NAFDAC. Abin da ya fi saurin bayyana ma shi ne ɗanɗano: robar da ke haɗuwa da oksijin tana sakin ƙananan sinadarai masu wari, musamman in an cika adadi ko an ƙona ta a inji. A lemo mai ƙamshi ba a ji, a abin sha mai laushin ɗanɗano ana ji.

Game da gwajin aiki kuma, kada a tsaya ga takardar da aka auna a digiri 23. Kayanmu na kwana a bayan mota da rumfar kwano a sama da digiri 40. Zafi na ƙara saurin shigar iska, yana kuma ƙara saurin ƙarewar haɗin. Hanya mai sauƙi: a manna ɗigon nan mai auna oksijin da haske a cikin gora, a cika ta da ruwan da aka kore wa iska da naitirojin, a rufe da ainihin murfin da za a yi kasuwa da shi. A ajiye goma a 23, goma a 38 ko 40, tare da gororin da babu haɗi don kwatance. A riƙa karantawa ta bayan bango kowane mako. Layin zai kwanta kusa da sifili, sannan wata rana ya fara hawa daidai da na gorar banza. Wannan ranar ita ce ƙarshen haɗinka. In ya hau tun makon farko sannan ya kwanta, haɗin na jinkirin tashi ne. In gora ɗaya ce cikin goma ta bambanta, a duba murfi.

Malam_Polima
Jinkirin tashin nan da Hajiya ta ambata yana da alaƙa da batunmu ta wata fuskar da ba a taɓo ba. Ba haɗin kaɗai ke cutar da robar da aka sake narkawa ba, ita ma tana cutar da shi. Sinadaran fosfaras da ake sa wa PET don ta jure wuta, da sauran abin da ya taru a tsohuwar roba, suna dushe ƙarfin kobalt. Adadin da ya yi aiki a sabuwar PET zai iya gazawa in an sa kashi 50 na tsohuwa. Sai mai lemo ya ƙara haɗi, gorar ta koma wurin Baban Dila da rawaya fiye da da. Don haka duk wanda ya sauya mai kawo masa PET ko ya ƙara kason tsohuwar roba, ya sake gwajin daga farko.

Baban_Dila
In ta ni ce, mai bukatar gauraye ya yi gorarsa mai launi, ruwan ƙasa ko kore, mai tsincewa ya gan ta ya ware ta gefe ta tafi zare. Farar gora a bar ta fara.

Mai_Injin_Huri
Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, Baban Dila. Mai launi ai ka fitar da ita daga zagayen gora ke nan har abada, farashinta kuma ya faɗi a hannun mai tsinta. Kuma mai sayen lemo yana son ganin abin da zai sha. Ni na fi karkata ga shafen gilashi ga manya, ƙananan masana'antu kuma su gyara cikawa, su ƙara wa bangon gora ɗan kauri, su rage wa'adin da suke rubutawa daga wata shida zuwa uku.

Injiniya_Sharada
Ƙarin kaurin nan na da iyaka, domin ninka kauri rabi kawai yake rage shigar iska, ga kuɗin roba. Kuma ƙaramar gora ta fi shan wahala, don bangonta ya yi yawa a kan abin da ke cikinta, ita ce kuwa ta fi tafiya a kasuwa. Hajiya Gwaji, ga mai cika mililita 350 da zafi a digiri 85, wanda ya riga ya sa tankin cire iska da naitirojin, a wane adadin oksijin na ranar farko za ki ce ya tsaya da gorar PET zalla, a wane kuma za ki ce ya nemi ƙari?

Hajiya_Gwaji
Ya danganta da lemon, Injiniya. Mangwaro da abarba ba ɗaya suke da lemon zaƙi ba wajen sauya launi. A fara auna abu uku a ranar cikawa: oksijin da ke cikin ruwan, wadda ke sararin sama bayan gora ta huce, da bitamin C. A maimaita a kwana 30 da 60 a digiri 38. Ka kawo alƙaluman nan zaure tare da nauyin gorar da irin murfin, sai mu lissafa tare.